Tambaya da Amsa: Ina Layin Asimtot Ya Tafi?

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar WAEC. An ba mu f(x) = (x − 3)/(x² − 9). Na ce akwai asimtot na tsaye biyu, a x = 3 da x = −3, amma malaminmu ya ce ɗaya ne. Ta yaya? Daga wata ɗaliba a Funtua.

Amsa: 'Yata, malaminku ya yi daidai, kuma rabin aikinki ma daidai ne. Ba a raba lamba da sifiri, don haka duk inda na ƙasa, wato x² − 9, ya zama sifiri, x ba ta da izinin taka wurin. Tunda x² − 9 daidai yake da (x − 3)(x + 3), domen ɗin, wato lambobin da x za ta iya zama, shi ne dukkan lambobi ban da 3 da −3.

Asimtot na tsaye kuwa, wato layin da zanen f(x) ke ta matsowa kusa da shi ba tare da ya taɓa shi ba, sai kin duba na sama, wato x − 3. Akwai (x − 3) sama da ƙasa, in kin soke su saura 1/(x + 3). Ɗauki kalkuleta ki gwada da hannunki, domin wannan na fi so ɗalibaina su gani da idonsu. Sa −2.99, za ki samu 100. Sa −2.999, ki samu 1000. Ta ɗaya ɓangaren, −3.001 ya ba ki −1000. Layin yana ta gudu sama da ƙasa ba iyaka, ga asimtot nan a x = −3.

Yanzu sa 2.99. Amsar kusan 0.167 ce, wato dab da 1/6, babu wani tashi. Ɗan rami ne kawai a wurin, sai ki zana ƙaramin da'ira marar ciko a (3, 1/6). Amma ki kula, sokewar ba ta mayar da 3 cikin domen ba.