Takalmin nutso da safar hannu suna wari: yaya za a busar da su ba a lalata su ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin gyaran injinan jan ruwa a gonakin shinkafa na Saga, nan Yamai. Kusan kullum ina cikin kogi, wani lokaci sai na nutse don cire ciyawa daga bakin tiyo. Na sayi takalmin nutso mai zik da safar hannu irin na robar nan mai laushi. Wata biyu kacal suka fara wari, har uwargida ta hana in shiga da su ɗaki. Na shanya su kan kwano da rana, na fesa turare, amma wajen yatsu ba ya bushewa, warin kuma sai ƙaruwa yake. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fara sauko da su daga kan kwanon nan tukuna, don ranar Yamai za ta kashe maka takalmi tun kafin ta kashe warin.

Robar da aka yi su da ita sunanta niyofiren, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. Irin wadda ake yin kayan nutso da ita cike take da ƙananan kumfa na iskar gas, kowane a rufe, shi ya sa take riƙe ɗumi kuma ba ta shan ruwa kamar soso. Abin da ke shan ruwan shi ne siririn yadin nailan da aka manna mata ciki da waje. A nan gumi da maiƙon jiki da matacciyar fata da laka suke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su samu abinci da ɗumi da laima, su yi ta hayayyafa. Abin da suke fitarwa shi ne warin. To tunda robar ba ta barin iska ta ratsa ta, laimar da ke ciki ba ta da hanyar fita sai ta bakin takalmin. Kana ɗora shi kan kwano, waje ya bushe ƙayau, ciki kuwa ya koma tukunyar turara. Ga shi a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle kan kwano. Zafi irin wannan yana sassauta gam ɗin da ya riƙe tafin takalmin da ɗinkin, hasken rana kuma yana sa robar ta sandare ta tsattsage. Turare ba ya taɓa ƙwayoyin, sai dai ya gauraya da warin.

Aikin yana farawa ne da zarar ka fito daga ruwa. Kada su kwana da ruwan kogi a cikinsu, musamman da damina lokacin da ruwan ya yi ja da laka. Buɗe zik har ƙasa, cika takalmin da ruwan famfo, toshe bakin da hannu ka jijjiga sosai, ka zubar. Yi haka sau uku, ko har ruwan ya fito fes. Ruwan ya zama mai sanyi ko ɗan ɗumi kaɗan. A kula da ruwan da ya wuni cikin tiyo ko jarka a rana, yakan yi zafin da hannu ba ya jurewa, a bar shi ya huce. Sau ɗaya a mako a wanke da shamfu na jarirai, kamar cokali biyu a bokitin lita 5, a cuɗa cikin da hannu ko tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye har kumfa ya ƙare.

Kada a murɗe su kamar wanki, ɗinkin zai buɗe. A naɗe su cikin tawul a danna, a kuma tura tawul ɗin ciki har wajen yatsu. Wannan kaɗai yana kwashe mafi yawan ruwan.

Safar hannu ba ta da wuya. A juya ta ciki ya koma waje, ana tura kowane yatsa da gindin biro, ba da farce ba, don farce na yaga robar. Cikin ya fara bushewa, sannan a mayar da ita daidai. In an rataye ta, kada a matse da maƙalin shanya, yana barin tabon da ba ya komawa. A soka ta kan sanda, yatsu na kallon sama.

Takalmi shi ne mai rigima, domin tafinsa mai tauri ne, ba ya juyuwa gaba ɗaya, in ka matsa masa ma gam ɗin diddige zai saki. Abin yi shi ne a naɗe wuyan zuwa ƙasa iya inda ya yarda, a kife shi kan wani abu. Yadda aka kife shi ne mutane da yawa suke kuskurewa: in wajen yatsu ya yi ƙasa da diddige, ruwa zai taru a can ya kwana. A karkata shi yatsu su fi tsayi. Mafi kyau a samo tiyon roba na masu aikin famfo, mai faɗin milimita 32 ko 40, a yanka tsawon santimita 40, a datse kansa a karkace don kada takalmin ya toshe ramin, a huda ƴan ramuka kusa da kan. A kafa biyu kan katako, a bar ƙasansu a buɗe. A kasuwar Katako za ka samu duk kayan nan. Sai a ajiye su a inuwa inda iska ke wucewa, ko gaban fanka. Mai batirin sola yana iya ɗaura ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 a gindin tiyon ta riƙa hura iska kai tsaye zuwa ciki. Iska mai motsi ake so, ba zafi ba, saboda haka ban da garwashi, ban da na'urar busar da gashi.

In babu wuta, tsohuwar jarida ko takardar kwalin da ba ta da sheƙi tana aiki. A dunƙule a cusa har ƙurya, a cire bayan awa biyu a sa sabuwa. Sharaɗin shi ne a canza. Takardar da ta jiƙe ta kwana ciki ta fi rashinta illa. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe, dare ɗaya ya isa. A watan Agusta yakan kai kwana biyu, kuma ga wanda ke shiga ruwa kullum irinka, babu dabarar da ta kai mallakar takalmi saiti biyu ana hutar da ɗaya. Kafin a ce ya bushe, a tura hannu a danna takarda a wajen babban yatsa. In ta yi tabo, da sauran aiki.

Warin da ya riga ya kama kuwa sai an jiƙa. A zuba kwatan lita na farin binega, wato ruwan kal na girki, cikin lita 5 na ruwa, a nutsar da su minti 20, a danne da dutse don robar tana tasowa, a ɗauraye. In bai tafi ba, washegari a jiƙa cikin ruwan bikarbonat, wato garin bekin soda, manyan cokula 4 a lita 5, na tsawon awa ɗaya. Kada a haɗa binega da bikarbonat a bokiti guda, ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya, kumfa kawai za ka gani. Wasu za su ce ai kanwa ma ta yi. Ta fi bikarbonat kaifi, ga yashi a cikinta, in ba ta fita sosai ba ƙafa ce za ta ɗanɗana. Ruwan jabel, wato bilic na wanki, yana kashe ƙwayoyin amma yana cinye nailan da zaren ɗinki, ba na ba da shawararsa. Haka garin sabulun wanki mai ƙarfi, da kananzir da fetur.

Akwai kuma ɓangaren ƙafar kanta. Siririyar safa ta nailan a ƙarƙashin takalmin tana kwashe gumi, kuma ita ana wanke ta kullum ta bushe nan da nan. In tsakanin yatsunka ya yi fari yana ƙaiƙayi, cin ruwa ne, a nemi maganin shafawa a asibiti, in ba haka ba ƙafa da takalmi za su yi ta mayar wa juna. Ka tuna kuma ruwan kogi da na magudanan gonakin shinkafa yana ɗauke da tsutsar da ke kawo tsargiya. Takalmin nan ba ya hana ruwa shiga, don haka ba kariya ba ne daga gare ta. Ganin jini a fitsari na nufin a je gwaji.

Zik ɗin a goge yashinsa da buroshi a shafa masa kakin zuma ko kyandir, ba basilin ba, wanda ke tara ƙura. In sun bushe a ajiye su a buɗe a wuri mai sanyi, ba cikin leda ba, ba bayan mota ba, kuma nesa da janareto da jarkar mai. Da safe kafin ka zura ƙafa, kife takalmin ka karkaɗe, kunama na son lungu mai duhu irin wannan.