Majajjawa ta riga littafi: amsoshin tambayoyinku

Wani malamin kimiyya daga Zariya ya rubuto: "Malam, me zan kira ƙarfin nan da ke riƙe abu ya yi ta kewaya da'ira bai fita ba? Littafi ya ce sentirifital, yara kuwa sai su zuba mini ido."

Ai dole su zuba maka ido, Malam. Kalmar asalinta Latin ce, masanin kimiyya ɗan Ingila Isaac Newton ya haɗa ta, tana cikin babban littafinsa na 1687, ma'anarta "mai neman tsakiya". In shi ya ɗauko kalmomi biyu ya ɗaura musu aure, mu wa ya hana mu? Ka ce "ja zuwa tsakiya", in kana son gajartawa ka ce "jan-tsakiya". Wasu sun fi son "cibiya". Ban ƙi ba, sai dai yara za su fara shafa ciki suna dariya.

Kafin maganar suna ma, ka shigo da majajjawa aji. Yaron da ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero ya san darasin nan tun bai san alli ba. Igiya ce ke jan dutsen zuwa hannu, shi ya sa yake kewayawa. Da an saki, sai ya miƙe sak ta inda ya fuskanta a daidai wannan lokacin, kuma gwanintar mai majajjawa duk a sanin lokacin saki take. A nan nake saɓawa da masu cewa wai "wani ƙarfi ne ke jefa mutum waje" in mota ta sha kwana. Ba abin da ya jefa ka. Jikinka ne ke son miƙewa, mota ta karya, ƙofa ta tare ka ta turo ka ciki. Ita motar kuwa, kamun da taya ke yi wa kwalta shi ne igiyarta. In ka ninka gudu sau biyu a kwana guda, kamun da ake bukata ninki huɗu ne, in sau uku ne ya zama tara. Ranar da aka yi ruwa ko taya ta cinye, kamun ya gaza, sai mota ta miƙe ta nufi daji. Direbobi kan ce "mota ta ƙwace masa", kuma ni ban san fassarar da ta fi wannan dacewa ba: abin da ke riƙe ne yake ƙwacewa. 'Yan tasha sun fi wasu masu digiri iya Hausar kimiyya.

Wata ɗaliba daga Maraɗi tana tambaya ko juyawa, kewayawa da zagayawa duk ɗaya ne.

A'a, 'yata. Mazari juyawa yake yi a kansa. Akuyar da aka ɗaure a turke kewaya shi take yi, kamar yadda alhazai ke kewaya Ka'aba sau bakwai. Duniya duka biyun take yi: tana juyawa sau ɗaya cikin kusan awa 24, tana kewaya rana cikin kwana 365 da 'yan awoyi. Na sha jin ana cewa a rediyo "duniya tana juya rana". Rana waina ce? Wata kuma yana kewaya duniya cikin kwana 27 da ɗan ɗoriya, kuma jan da duniya ke yi masa ne a matsayin igiya. Kada ki rikita wannan da kwana 29 ko 30 na ƙirgen wata, shi daga tsayuwa zuwa tsayuwa ake lissafa shi, alhali duniyar ma ta gusa. Kewayawa da zagayawa kuwa 'yan gida ɗaya ne, har wajen sakaya zancen banɗaki tare suke zuwa.

Wani daga Kumasi: jiri, juwa da hajijiya fa? Abu ɗaya suke nufi, sai dai hajijiya ta haɗa da wasan da yara ke yi su yi ta juyi har su faɗi.

Wani kuma yana so ya san ko "duniya juyi-juyi ce" na nuna kakanninmu sun san duniya na juyawa. Ina! Sauyin hali suke nufi, yau gare ka gobe ga waninka. Kada a ɗora wa karin magana kayan da ba nata ba.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Sakkwato: in abu na kewayawa da gudu bai ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba, me ya sa malamai ke cewa tafiyarsa na sauyawa?

Don tafiya gudu ce da mafuskanta, ɗana. Gudun yana nan yadda yake, amma yanzu ya fuskanci gabas, an jima arewa, kuma sai da jan-tsakiya mafuskantar ke sauyawa.