Daga Dubai zuwa Guangzhou: wane tikiti zan yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, na saba saro kaya a Dubai. A watan Oktoba ina so in zarce Guangzhou daga can, in yi mako biyu. Na ga tikitin kai tsaye, na kuma ga wani mai rahusa da ke bi ta Hong Kong, amma a kan tikiti biyu daban-daban. Wanne ya fi, kuma da me zan yi hattara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yanki na kai tsaye. Amma kafin maganar tikiti, a fara da biza, don ita ce ke hana mutum hawa jirgi tun a wurin awon kaya. Mai fasfo ɗin Najeriya na bukatar bizar Sin, kuma ta 'yan kasuwa ita ce mai harafin M, wadda ake nema da takardar gayyata daga kamfanin da kake hulɗa da shi a can. Ka neme ta tun kana gida. Wanda ya shiga Dubai da bizar ziyara, ba mazaunin ƙasar ba, kada ya sa rai zai samu ta Sin a can. Fasfonka kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6, ka haɗa da katin rigakafin shawara.

Kamfanonin Emirates da China Southern duk suna tashi kai tsaye daga babban filin jirgin Dubai zuwa filin Baiyun na Guangzhou. Tafiyar kimanin awa bakwai da rabi ce, dawowa ta ɗan fi haka saboda jirgi na fuskantar iska. Agogon Sin ya riga na Dubai da awa 4, ya riga na Najeriya da awa 7, kuma lokutan da ke jikin tikiti na garin da abin ke faruwa ne. Emirates daga tasha ta 3 yake tashi, China Southern daga ta 1, don haka ka gaya wa mai tasi lambar tashar.

Hanyar Hong Kong ɗin nan ita ce arha mai tsada. Hong Kong na da nata tsarin shige da fice daban da na babban yankin Sin, kuma ɗan Najeriya sai da biza ta daban yake shigarta. Da tikiti biyu, sau da yawa dole ka fita ka ɗauki kayanka ka sake auna su, fitar nan kuwa shiga gari ce. In jirgin farko ya makara, kamfani na biyu babu ruwansa: kujerarka ta tafi, sai ka sayi wani tikitin a farashin ranar. In dai dole sai an yada zango, a Doha ko wani wuri, to ya zama tikiti ɗaya mai lambar rajista ɗaya, yadda kamfani zai ɗauki nauyin sauya maka jirgi. Haka nan in bizarka ta shiga ɗaya ce, ranar da ka leƙa Hong Kong daga Guangzhou ta ƙare.

Oktoba wata ne mai wuyar sha'ani. Daga 1 ga wata Sinawa na hutun ranar ƙasa na kusan mako guda, ofisoshi da masana'antu da dama a rufe. Daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba kuma ana babban baje kolin Canton a unguwar Pazhou da ke Guangzhou, kashi uku, kowane kashi da irin kayansa, kuma kuɗin otal da na jirgi kan yi tashin gwauron zabi. In baje kolin kake so, ka duba kashin da ya shafi kayanka ka yanki tikiti da wuri. In kasuwannin gari kawai za ka zaga, tsakanin 9 da 14 ga wata ya fi maka sauƙi.

Wajen kaya ake yawan shan mamaki. Jaka biyu masu kilo 23 da ka saba da su ƙa'idar tikitin da ya taso daga Afirka ce. Wanda ka yanka daban daga Dubai, Emirates kan lissafa shi da jimillar nauyi, daga kilo 20 zuwa 35 gwargwadon ajin kuɗin da ka biya, jakar hannu kilo 7, kuma babu jakar da za ta wuce kilo 32. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin tikitin. Samfurin kaya mai nauyi ka bai wa masu kago.

Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka, wato power bank, a jakar hannu yake zama, kada ƙarfinsa ya wuce 100Wh. Tun Oktoban 2025 Emirates ya hana amfani da shi a cikin jirgi. In za ka hau jirgin cikin gida a Sin, misali zuwa Yiwu, wanda ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinsa za a karɓe shi a wurin bincike. Tsabar kuɗi kuwa, abin da ya haura dirhami 60,000 ana bayyana shi a Dubai, abin da ya haura dala 5,000 ana bayyana shi ga kwastan na Sin.

Ka lura da kwanan wata. Jirgin da aka rubuta 01:30 ranar Talata, daren Litinin ake zuwa fili. Ka isa awa 3 kafin tashi, don ana rufe awon kaya awa ɗaya kafin lokaci.

WhatsApp da Google ba sa aiki a layukan Sin, saboda haka ka sauke manhajojin WeChat na aika saƙo da Alipay na biyan kuɗi tun kana Dubai, ka buga tikitin dawowa da adireshin otal da rubutun Sinanci a takarda. Daga filin Baiyun, jirgin ƙasa layi na 3 zai kai ka Jiahewanggang, ka canza zuwa layi na 2 in unguwar kasuwanni ta Sanyuanli ka nufa. Mai zuwa unguwar Xiaobei sai ya ci gaba a layi na 2 har tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, ya hau layi na 5. Otal zai yi maka rajista da 'yan sanda, amma in a gidan wani ka sauka, kai za ka je ofishinsu cikin awa 24.