Kufan duwatsun nan na Ayilan, sansanin yaƙi ne ko gidan mutane?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga hoton wani zagayayyen gini na duwatsu zalla a ƙasar Ayilan, wai shi Staigue, aka ce sansanin yaƙi ne. Da gaske ne? Kuma ya aka yi bai rushe ba alhali ko siminti babu?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Staigue ɗin nan yana yankin Kerry ne, katangarsa ta kai wajen mita 5.5 a tsayi, kaurinta a gindi kusan mita 4, filin ciki kuma wajen mita 27, ga matakala a jikin bango ta ciki da ake hawa sama. Duk wanda ya gani dole ya ce na yaƙi ne, amma ni dai ban cika son wannan sunan ba, don yana sa a manta da mutanen da suka kwana suka tashi a ciki.

Irin waɗannan zagayayyun gidaje an ƙirga kusan 45,000 a Ayilan, yawancinsu tsakanin shekara ta 600 zuwa 900 miladiyya aka yi su, na ƙasa ana ce musu ráth, na dutse kuma caiseal ko cathair. To kai ma ka san ba za a yi sansanin soja dubu arba'in da biyar a tsibiri ɗaya ba. Gidajen manoma ne masu shanu, don a lokacin saniya ce dukiya, satar shanu kuma ruwan dare, sai mai gida ya kewaye iyalinsa da dabbobinsa, girman katangarka kuma shi ke nuna waye kai a gari.

Abin da aka tono ne hujjata. A Cahercommaun, wani irin wannan gidan dutse da ke yankin Clare, mai katanga uku a bakin wani kwazazzabo, masanin tonon kayan tarihi Hugh Hencken da tawagar jami'ar Harvard sun yi haƙa a 1934, me suka samu? Ƙasusuwan shanu jibgi, da gululun mazari masu yawa, wato mata na zaune suna kaɗin ulu kenan, sai wani maƙalin mayafi na azurfa da ke gidan tarihi na Dublin yanzu. Wallahi gululun nan ya fi azurfar taɓa min zuciya, ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba amma hannun wata ya juya shi shekara dubu da ɗoriya da suka wuce.

Batun siminti kuwa, fuska biyu ake jerawa ta waje da ta ciki, a cika tsakiya da ƙananan duwatsu, bangon na hawa yana ɗan kwantawa ciki, nauyinsa ne ke riƙe shi, ruwan sama kuma ya bi ta kafofin da ke tsakanin duwatsun ya wuce abinsa.

Akwai kuma tsoro, mutanen karkara sun daɗe suna ɗaukar kufan a matsayin gidan aljanu, manomi ya gwammace ya kewaye shi da garma da ya ɗauki dutse ɗaya, shi ya sa da yawa suka kai zamaninmu.