Wai da gaske CBN na ba ɗan kasuwa bashi hannu da hannu?

Wani ɗan'uwa mai sayar da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya, ya ce wani ya yi mai alkawarin samo masa rancen Babban Bankin Najeriya (CBN) in ya biya dubu hamsin kuɗin fom, kuma yana so ya san dalilin da kuɗin ruwa ya yi tsada haka a bankuna.

Alhaji, don Allah kar ka ba shi ko sisi. Babban Bankin Najeriya ba ya buɗe wa mutum akawun, ba ya miƙa wa ɗan kasuwa bashi kai tsaye, shi bankin gwamnati ne kuma bankin bankuna. Ko lokacin da yake zuba kuɗi a noma, kamar shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ta hannun wasu bankuna kuɗin ke bi, kuma tunda Cardoso ya hau kujerar gwamnan bankin a 2023 ya faɗa ƙarara cewa za su janye daga irin wannan rabon bashin.

Ka ga tun asali ma ba don haka aka kafa shi ba. Zamanin Turawa wata hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ce ke fitar da fam da sule, ita ba ruwanta da sa ido kan bankuna, to farkon shekarun 1950 ƙananan bankunan 'yan ƙasa suka dinga durƙushewa da kuɗin jama'a, ga kuma 'yan siyasa na matsa lamba cewa ƙasar da ke shirin samun 'yanci dole ta riƙe kuɗinta da kanta. An yi dokar kafa CBN a 1958, ya fara aiki 1 ga Yuli 1959, gwamnan farko Bature ne, Roy Fenton, sai Aliyu Mai-Bornu ya karɓa a 1963, shi ne ɗan ƙasa na farko, hotonsa ne ma a jikin dubu ɗayan da ke aljihunka. Naira kanta sai 1973 ta zo.

Maganar ruwa kuwa nan ne CBN ya shafe ka sosai. Kwamitinsa ke tsayar da ma'aunin kuɗin ruwa da bankuna ke bi, a Nuwamban 2024 ya kai shi kashi 27.5 cikin ɗari don a rage hauhawar farashi, sannan a lokacin ya sa bankuna su ajiye rabin kuɗin da mutane suka zuba musu a wurinsa, to bankin da aka ƙulle wa rabin kuɗi ta ina zai ba ka da araha? Shawarata, in ribar da kake samu a kan kaya ba ta haura ruwan da nisa ba, kar ka ci bashin nan, gara ka karɓi kaya a hannun dila ka biya in ka sayar. Kuma ka riƙa sauraron sanarwar CBN kan dala, don shaddarka daga waje take zuwa.

In jari kake nema da gaske, ka je Bankin Masana'antu ko bankunan da ba sa ruwa irin Jaiz da TAJ, su kan sayi kayan su sayar maka da riba sananniya. Ka tafi da takardar rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da bayanan shige da ficen akawun ɗinka, ka shiga reshe da ƙafarka, ba ta hannun ɗan tsakiya ba.