Aikin tuƙa tarakta a gonakin Italiya: takardun da ake bukata

Wani ɗan'uwa mai aikin tsinkar tumatir a yankin Fojiya ya rubuto cewa ya ga ana neman «trattorista», yana tambaya ko aikin gidan abinci ne, kuma ko lasisin tuƙinsa na Najeriya zai wadatar.

Malam, ba aikin gidan abinci ba ne, ko da yake ruɗanin yana da dalili. «Trattore» tarakta ce, asalinta daga kalmar Latin «trahere», wato ja, domin aikinta jan garma. «Trattoria» kuwa, gidan cin abinci, ta biyo ta Faransanci ne. Wanda ake nema direban tarakta ne, kuma a ganina ka nemi aikin, domin matsayinsa a kwantiragin ma'aikatan gona ya fi na mai tsinka, albashinsa ma haka.

Takardu biyu ne a gabanka, kuma mutanenmu sukan ɗauke su abu ɗaya. Ta farko ita ce shaidar horo da ake kira «patentino», wadda dokar kare lafiyar ma'aikata mai lamba 81 ta 2008 ta wajabta a kan duk mai sarrafa tarakta a bakin aiki, ko da bai taɓa fita daga cikin gona ba. Horon gajere ne, akwai karatu akwai gwaji a kan motar, ana kuma sabunta shi duk shekara 5. Idan mai gona ya ɗauke ka aiki, shi doka ta ɗora wa nauyin kuɗin horon, don haka kada ka yarda a zaftare maka daga albashi.

Ta biyu lasisin tuƙi ne na rukunin B, wanda sai da shi za ka hau titi da babbar tarakta. A nan ne lasisinka na gida yake da iyaka: yana aiki shekara 1 kacal bayan ka yi rajistar zama, tare da lasisin ƙasa da ƙasa ko fassarar da aka rantse a kanta, kuma ba a musanya na Najeriya da na Italiya. Sai ka sake zama jarrabawa, kuma da Italiyanci za ka yi ta, saboda haka ka fara karatun tun yanzu.

Kafin ka taka tarakta, ka tabbata an rubuta matsayin direba a kwantiraginka da takardar albashinka. Tarakta takan kife a gangare, kuma idan hatsari ya auku alhali takarda ta nuna kai mai tsinka ne, neman diyya zai iya yi maka wuya.