Amsa: Busasshen abinci ga tsohon kare

Malam, ka ce karenka German Shepherd ya kai shekara 8, ya fara ƙiba, kana neman abincin buhu da zai dace da shi. Duba bayan buhun: nama ko kifi ya zo farko a jerin kayan haɗi, kitse kaɗan. In da man kifi a ciki ya fi, domin gwiwa da kwatangwalo ne ke fara ba irin waɗannan manyan karnuka matsala.

Kada ka canza masa rana ɗaya, sai gudawa. Riƙa haɗawa da na da har kwana 7 zuwa 10. Ni dai da zafin Kano ba na sayen ƙaton buhu, man cikinsa kan lalace ya yi wari. In yana yawan shan ruwa da fitsari, likitan dabbobi ya duba ƙodarsa tukuna.